Kifi Mai Gashin Ido

Da sunan Wanda ya halicci ciki, ya halicci abin zuba masa, sa'annan ya sa nisa a tsakaninsu domin bayinsa su san tafiya. Ni ne Cindo baduku, mutumin Tungar Gawasa, wanda ya taka ƙasashen da goro bai taɓa zuwa ba, ya kwanta a kabari da ransa, ya riƙe sarauta da haƙoransa. Abin da zan faɗa, wani da idona na gan shi, wani kuwa da bakina na ɗanɗana shi.

Mahaifiyata, Inna Tasallah, ba 'yar garinmu ba ce. Fataken gishiri ne suka tsince ta tana 'yar mitsitsiya, tana sharar barci a cikin mangalar raƙuminsu, bayan sun wuce garuruwa da yawa har ba su san a wanne ta shiga ba. Ba ta san sunan garinsu ba, sunan Tasallah ma su suka raɗa mata. Abin da ta ƙanƙame a ƙirji kawai wani allon katako ne da aka zana faranti a jikinsa. A kan farantin akwai kifi kwance, da lemon tsami an fere rabinsa ɓawon yana lilo, da curin inabi, da gurasa, da wuƙa. Tun da na yi wayo allon nan yana rataye a ɗakinta, kuma ban taɓa ganin ta kai loma baki ba sai tana fuskantarsa. Mutane sun yi tsegumi har sun gaji.

Da tsufa ya kama ta, wata rana matata Yalwa ta kai mata tuwo, sai ta ture akushin. Ta sa aka kira ni daga rumfa.

Ta ce, "Cindo, abincin gidanmu nake so."

Na ce, "Inna, ai nan ne gidanku."

Ta ce, "Nan gidan ubanka ne. Kada ka mayar da ni yarinya."

Na ga abin mai sauƙi ne, tunda ga abincin gidan nasu a zane. Na bi kasuwanni har na haɗa kifi da lemo da inabi da gurasa, na jera su a faranti yadda suke a allon, har ɓawon lemon na bari yana lilo. Ta ɗanɗana kowanne, ta tofar, ta ce ba shi ba ne. Daga ranar ba abin da ke wucewa ta maƙogwaronta sai farau-farau, shi ma sai Yalwa ta yi kamar za ta yi kuka. Ina kallo awarwaron hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Tsoro ya kama ni, don ita kaɗai ta rage mini cikin iyayena.

Na yanke shawara cewa kifin garinsu da lemonsu ne suka bambanta da namu, sai na je na ɗebo na can. Na roƙe ta allon don in riƙa nuna wa mutane. Ta ce, "Ɗauka, ai ba ci nake ba." Na naɗe shi a fatar akuya, na bar wa Yalwa amana, na kama hanyar gabas.

Na ratsa dajin da itatuwansa ke tashi da rana su tafi neman inuwa, na haye kogin da ke gudu zuwa tudu, har na iso birnin Dumbulan. Gidajen masu rai a birnin nan ko yaɓe babu, amma kaburburansu ɗakuna ne manya, bangon kowanne cike da zanen dinya da gurasa da tulunan zuma. Su a ganinsu mamaci da ido yake ci. Allah ya kyauta.

A bakin ƙofar gari na kwance allona na nuna wa mai gadi. Ya cire hula, ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri. Ina mamacin?"

Na ce, "Wane mamaci? Tambaya zan yi."

Ya leƙa bayana, ya ga ba kowa. Ya ce, "Bawan Allah, guzurin mamaci ba ya tafiya shi kaɗai. In babu gawa a bayanka, to kai ne."

Kafin in ce wani abu jama'a sun taru suna yi mini ta'aziyya, wasu mata har da hawaye. Aka kira Sarkin Kushewa, wani dattijo mai sanyin murya. Suka yi mini wanka da ruwan ɗumi, kuma gaskiya tun da aka haife ni ban yi wanka mai kyau kamarsa ba. Suka shimfiɗe ni a wani ɗaki sabo, suka jingine allon a gabana, magina suka fara kwaɓa ƙasar toshe ƙofa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni fa da raina."

Sarkin Kushewa ya ce, "Ba mu musa maka ba, ɗana. Al'ada ce ba ta tambayi wannan ba."

Abin da al'ada ta tambaya shi ne, kafin a toshe ƙofa sai an ji daga dangin mamaci ko guzurin ya cika. Da yake ba ni da dangi a wurin sai ni kaina, ni aka tambaya. Na tashi zaune na dubi allon, na girgiza kai.

Na ce, "Babu miya. Mu a garinmu mamaci ba ya taɓa abinci sai da miyar kuka. Haka za ku rufe ni da gayan gurasa?"

Suka dubi juna, don babu abin kunya a Dumbulan kamar a rufe mutum da yunwa. Aka kira mai zanensu, ya ce bai taɓa ganin kuka ba, kuma dokarsu ta hana a zana abin da ido bai gani ba. Suka yi shawara, suka ga ba wanda ya san inda ake samunta sai mamacin. Suka ba ni jaki da ƙosai, suka ce in hanzarta, za su riƙa share mini ɗakin. Da zan fita na tambayi Sarkin Kushewa inda ake samun irin kayan da ke allona. Ya ce in bi faɗuwar kogi har bakin teku, in nemi birnin Halƙum.

Ranar da na shiga kasuwar Halƙum sai da na yi sujada. Ga kifi tuli, ga lemo, ga inabi har ana takawa. Na ce lalle na zo garin su Inna. Wani attajiri, Madugu Sambali, ya gan ni baƙo ya gayyace ni walima, na bi shi da yawuna yana tsinkewa.

An shirya tebur da abin da ban san sunan rabinsa ba. Baƙi suka zauna, aka yi bisimilla, amma ba wanda ya miƙa hannu. Sai wata mata mai suna Murjanatu, babbar mai zanen birnin, ta kafa allonta ta fara aiki. Na tambayi na kusa da ni yaushe za a ci. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. Ya ce a Halƙum abincin da aka ci ya ɓace, wanda aka zana shi ne ya tabbata, kuma da yawan allunan walima ake gane girman mutum. In an gama zane abincin ya riga ya lalace, sai a zuba wa teku, kowa ya koma gida ya sha ruwan ƙanzo.

A gefen farantin inabi an ajiye ƙoƙon kan mutum, wai don mai kallo ya tuna mutuwa. Akwai kuma wani ma'aikaci da ba shi da aiki sai kiwon ƙuda. Shi ke kawo guda ɗaya mai ladabi ya ɗora a kan lemo, ya zauna har a gama zana shi.

Rana ta yi tsaka, ta karkata, Murjanatu ba ta gama ko wutsiyar kifi ba. Ni kuwa rabona da abinci tun ƙosan mutanen Dumbulan. Ban san lokacin da hannuna ya tafi ba, sai ji na yi na gatsa gurasa na kora da inabi. Ƙudan ma sai da ya tashi.

Madugu Sambali ya ce, cikin natsuwa, "Baƙo, ka ga ƙoƙon kan nan? Shi ma baƙo ne. Zabibi ɗaya ya ɗauka."

Dogarai suka riƙe ni. Na tuna Inna tana can tana jira, na ga in kaina ya zauna a tebur ba mai kai mata komai. Na haɗiye abin da ke bakina tukuna, don kada a yi biyu babu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a yanke, amma a bar ni in faɗi abin da ya sa. Na duba allunan da ke zaurenka, duk abinci ne ba wanda ya taɓa. Jikokinka za su kalla su ce kakanmu ya tara abinci amma ba daɗi, ko ɓera bai kula shi ba. Yanzu kuwa duk wanda ya ga gurbin haƙoran nan zai san an yi mutumin da ya zaɓi gurasarka a kan ransa."

Madugu ya daɗe yana shafa gemu. Daga nan ya ce wa Murjanatu ta zana gurasar yadda take. Da aka rataye allon, birni ya ɗinke a ƙofar gidansa. Kafin wata ya mutu kowane attajiri yana son a ga cizo a tasa walimar, kuma suka ce ba cizon da ya kai nawa tsari. Aka naɗa mini rawani, aka kira ni Sarkin Cizo. Aikina in je gida-gida in gatsa nan in gatsa can, a yi mini guɗa.

Na yi ƙiba har wuyana ya ɓace. Wata safiya na zo sa zobe ya ƙi shiga, sai awarwaron Inna ya faɗo mini a rai. Kunya ta rufe ni, na ji na tsani kaina. Na ɗauki allon na tafi wurin Murjanatu, na roƙe ta ta gaya mini daga wane gida na Halƙum ya fito.

Ta kai shi bakin taga ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ɗan'uwa, kai da kake cizon kifi kullum, ka taɓa ganin kifi da gashin ido?"

Na karɓa na duba. Ga shi kuwa, zara-zara, har da ɗan kunne a gefe. Tun ina rarrafe nake kallon kifin nan ban taɓa lura ba.

Ta ce, "Dubi lemon, ƙwallon dabino ne a cikinsa. Inabin kuma a jikin ƙaya ya fito. Wanda ya zana wannan bai taɓa ganin ko ɗaya ba, labari ya ji a bakin matafiya. Mu nan muna zana abin da muke da shi don a san muna da shi. Akwai masu zana abin da ba su da shi. Launin ma jar ƙasa ce da toka da ƙaro. Ka bar bakin teku, ka nemi inda ba ruwa."

Sai dai Sarkin Cizo ba ya fita gari, an sa masu tsaro a kowace ƙofa saboda ni. Na tafi wurin wanzami na ce ya cire mini haƙorin gaba ɗaya, lafiyayye. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce ya yi aikinsa. A walima ta gaba na gatsa gurasa, gurbin ya fito da wani tsiri a tsakiya. Maigidan ya ce wannan ai cin gafiya ne. A ranar aka warware rawanina, aka raka ni bayan gari da jakina. Giɓin yana nan, duk mai shakka ya zo ya gani.

Na juya wa teku baya na yi arewa, ina tambayar inda aka fi kowa rashin ruwa, ana nuna mini gaba. Na wuce garin da ake gadon rijiya ɗaya, na wuce garin da ake zuwa kallon gajimare, har ƙasa ta ƙare sai rairayi. A can na sami wani ƙauye a kan tudu, sunansa Tudun Ƙaya. Ba abin da ke tsiro a wurin sai ƙarangiya. Mata ke tattaro ta, su daka, su sheƙe, su fitar da 'yan ƙwayoyin cikinta su dama kunu. Shi ne na safe, shi ne na rana, shi ne na ranar suna.

Na iso ana shirin sha. Na ga kowa ya ɗauko ƙwaryarsa, ya ɗauko wani allo ya jingine a gabansa, ya zauna yana sha yana kallo. Na bi allunan da ido, na ga kankana mai ƙaho, na ga kaza mai ƙafa huɗu, don an gaya wa mai zanen cinya ce mai daɗi sai ya ƙara. Wata tsohuwa ta ba ni kunu, ta ba ni haƙuri cewa ba su da allon baƙi. Ta ce a nan ranar da aka yaye yaro ake zana masa nasa, sau ɗaya a rayuwa, abin da ya samu shi ke nan.

Na kurɓi kunun. A sana'ata na sha tauna fata don ta yi laushi, kuma fata ta fi shi daɗi.

Na ce mata ina da nawa allon, na kwance fatar akuya. Tsohuwar ta saki ludayinta. Ta ƙwala kira, "Anaruwa! Ku kira Anaruwa, ga kifinsa ya dawo!"

Aka zo da wani tsoho dogo, busasshe, yana dogara sanda. An ce ranar da aka haife shi aka yi ruwan sama, abin da ya sa sunan ke nan. Ya sunkuya ya ƙura wa allon ido.

Ya ce, "Ina take?"

Na ce, "Wa, Baba?"

Ya ce, "Ƙanwata. Nata allon na kabewa ne, ba ta so. Kullum sai ta ɗauke nawa ta je ta ɓuya. Ranar da fataken gishiri suka sauka ta ɗauka, ba mu sake ganinta ba. Babanmu ya bi sawun raƙuma har iska ta share. Ni kuwa tun daga ranar kabewarta nake kallo, har na yi furfura. Ban taɓa ganin kabewa ba, amma ba abin da na ƙi a duniya kamarta."

Na durƙusa na ce, "Kawu, ni ɗanta ne." Na gaya masa halin da na baro ta, na miƙa masa allon da hannu biyu. Ya mayar da hannuwansa baya.

Ya ce, "Ba kai ka ɗauka ba, ba kai za ka mayar ba. Tana da rai?"

Na ce, "Da na taho dai tana da shi."

Ya ce, "To ɗaura wa jakin nan kaya. Ina da magana da ita."

Matan gari suka cika mini buhu da ƙwayar ƙarangiya. Na ɗora Kawu a kan jaki, ni ina ƙasa, muka zagaye Dumbulan ta nesa. Duk hanya ba na iya cin abin kirki, ina ta lissafin ko zan tarar da ita. Kawu kuwa a wata kasuwa aka nuna masa kifi na gaske, ya duba ya ce wannan bai ƙarasa girma ba.

Da hantsi muka shiga Tungar Gawasa. Yalwa ta fito da gudu, ta gan ni ta rushe da kuka.

Ta ce, "Maigida, tana nan, amma ta daina magana. Ko farau-farau ɗin sai na ɗiga mata da tsinke."

Kawu ya zauna a zaure ya ce ba zai shiga gidan da ba a kira shi ba. Daga nan ya riƙa ba Yalwa umarni, kada ta sa tsamiya, kada ta sa zuma, kada ta tace. Yalwa ta ɗanɗana, ta dube ni, ta ce, "Wannan za a ba marar lafiya?" Na ce ta zuba kawai.

Na shiga ɗakin. Inna ta koma kamar ƙullin tsumma a kan gado, idanunta a rufe. Na mayar da allon mazauninsa, na tallafo ta na jingina ta a ƙirjina, ban gaya mata komai ba. Na ɗebo kunun a bakin ludayi na sa mata. Ta riƙe shi a baki har na ɗauka ta tafi. Sai na ga maƙogwaronta ya motsa.

Ta buɗe ido. Ta ce, da wata 'yar murya, "Allah wadan wannan kunu. Shi ne."

Ta kama ludayin da hannunta, ta sha, ta ƙara, tana yamutsa fuska, hawaye na bin kumatunta. Sai ta tsaya, ta waiga dama da hagu, ba ni take nema ba. Ta ce, "Anaruwa ya sha nasa?"

Ni dai ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, kuma ban faɗa mata ba. Daga zaure aka yi gyaran murya.

"Ban sha ba. Ke yarinya, ina allona?"

Inna ta ƙame a jikina. Can ta ce, "Aro na yi, Yaya."

Muka ji ƙarar sanda tana tahowa a tsakar gida, a hankali, har labule ya ɗaga. Suka kalli juna, shi a tsaye ita a jingine, ba wanda ya san abin da zai yi da fuskarsa. Kawu ya share ido da hannun riga, ya ce ta matsa. Ta matsa. Ya zauna a bakin gadon.

Inna ta tura ƙwaryar tsakaninsu, ta ɗaga murya yadda rabona da ji tun kafin ta kwanta.

"Yalwa! Ƙaro ludayi."